Muryar Yaya a Motar Baba

Motar Babanmu ta riga ƙafarsa daina tafiya. Tsohuwar tasi ce, tana nan a gindin darbejiya a tsakar gidanmu na Sakasaka, tayoyinta sun kwanta, kaji na wuni a ƙarƙashinta. Da yalo-yalo masu ƙafa uku suka cika Tamale sai aka daina tsayar da ita, da injin ya buga kuma Baba bai gyara ba. Abu ɗaya ne bai mutu a jikinta ba, rediyo. Bayan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, kullum in an yi la'asar sai in tallafe shi daga ɗaki zuwa kujerar direba, in bar ƙofar a buɗe, ya kunna. Kunnensa ya yi nauyi, ƙaramar rediyo ba ta yi masa komai, amma lasifikokin motar nan har maƙwabta suna ji. Ni ce mai ciro batir in ɗaure a bayan babur ɗina in kai caji unguwar Kanvili, ina tafe ina masifa ni kaɗai a hanya.

Abin murɗa tasha ya daɗe da karyewa, allurar ta tsaya cak a kan tasha ɗaya. Baba bai damu ba, don ita ce mai karanta sanarwar rasuwa da yamma. Zai kasa kunne, in ya ji sunan wanda ya sani ya yi salati, ya ce in nemo masa yalo-yalo gobe da safe. Da ƙyar ake sa shi a ciki, da ƙyar ake fito da shi, amma sai ya je ta'aziyya. Aikin da ya rage masa ke nan a duniya, kuma ya riƙe shi da gaske. Nakan tsokane shi in ce, “Baba, kai ne magatakardan lahira a unguwar nan.” Yakan ce in rufe masa baki ana karanta sunaye.

Mu biyu ya haifa, ni da Yayana. Yaya yana Turai yana aikin gona, kuma shekara da shekaru ba ya magana da Baba. Motar nan ce ta raba su. Ranar sunan Yaya, kakanmu na wajen uwa ya ba shi karsana, yadda danginsu makiyaya suke yi wa jariri, aka bar ta a ruga a bayan gari tana ta haihuwa. Yaya ya tashi ba shi da zance sai na shanun nan. Ranar da babu makaranta can yake wuni, matan da ke kawo nono gari har mai garke suke kiransa. Yana kudu wajen koyon aiki Baba ya kira dillalai ya sayar da su kaf, ya sayo mota, bai shawarci kowa ba, har mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Da Yaya ya dawo, ruga ya fara wucewa kafin ya shigo gida, ya tarar da turakun shanun babu ko maraƙi. Bai yi faɗa ba, ni kuwa na so a ce ya yi. Baba ya ce shi ya haife shi, ba zai tsaya yana yi wa ɗan cikinsa bayani ba. Yaya ya haɗa jakarsa.

Ni yana yi mini saƙonnin murya, dogaye. Ya yi ƙorafin sanyi, ya tambayi shagona na atamfa, ya tambayi tsohuwar da ke sayar da koko a bakin layinmu, amma ko da wasa ba ya tambayar Baba. A kicin nake saurare, da ƙaramar murya. Wata rana na manta na kunna a tsakar gida, Baba ya ga ina dariya da waya a kunne.

“Wa ke nan?”

“Yaya ne.”

Ya miƙo hannunsa mai lafiya. Na ba shi, ya danna wayar a kunne har ta shata masa kunci, ya daɗe, sannan ya mayar mini ya ce abar ba ta da murya. Washegari yana zaune a mota, idonsa a kan sitiyari, ya ce, “An ce yaran yanzu suna sa waya ta yi magana a cikin lasifikar mota.” Tunda nake da shi ban taɓa jin ya zo kusa da roƙo haka ba, sai da na juya baya na goge ido.

Na je kasuwa na sayo abin. Ɗan ƙarami ne, bai fi babban yatsa ba, ana cusa shi a ramin kunna sigari na mota. Yana kama wayar ta bulutut, babu igiya, sannan ya watsa muryar kamar wata 'yar tashar rediyo, rediyon motar ta kamo. Mai shagon ya ce in nemi lambar da babu tasha a kanta in daidaita su biyun. To ina zan nemo, allura ta tsaya a wuri ɗaya? Na sa abin a kan lambar tashar Baba. Muryar Yaya ta leƙo ta koma, mai tallan maganin basir ya danne ta. Na gwada har na gaji, na zagi abin, na zagi mai shagon, Baba yana zaune yana kallona.

Na ɗauko wani fita, wato makaniki, da ke gyaran wayoyin mota a Kanvili, Badagombe ne, yana da irin Hausar kasuwa da ba ta raba mace da namiji. Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari ya leƙa, ya fito yana karkaɗe riga.

“Hajiya, tasha ya fi ƙarfi. Sai ka cire waya na eriya. In ka cire, tasha zai tafi, wannan ƙarami zai shiga, don shi yana kusa.”

“In an gama sai a mayar?”

“Waya ya tsufa, ya ci tsatsa. In na ja, zai karye. Ya tafi ke nan.”

Na sunkuya na ɗaga murya na yi wa Baba bayani. Ko sanarwar rasuwa, ko muryar Yaya, motar ba za ta ɗauki biyun ba. Na ce masa ya bari, zan nemi wata dabara, ko lasifika in saya masa. Ya ce ya gwada ta maƙwabta, ƙara kawai yake ji, ba magana ba, kunnensa da na motar nan ya saba. Ya shafa sitiyari.

“Waɗanda suka mutu sun riga sun tafi,” ya ce. “Cire.”

Makanikin ya ja, wayar ta karye a hannunsa yadda ya faɗa. Rediyon ta koma shuuu. Na danna wayata, sai ga muryar Yaya ta cika motar, tana fita ta ƙofofi, yana cewa takalminsa ya jiƙe da ƙanƙara. Baba ya ƙanƙame sitiyari. Muryar da ya sani ta saurayi ce, wannan kuwa ta magidanci ce, har ta fara kama da tasa. Ya saurara har ƙarshe, inda Yaya ya ce in gaida mai koko, in gaida yaran shago. Ya jira. Saƙon ya ƙare.

“Sake sa shi,” ya ce.

Haka muka koma yi kullum da la'asar. In sabon saƙo ya zo mu ji, in bai zo ba mu ji tsofaffi. Na lura ba tsakiyar yake jira ba, ƙarshen yake jira, wajen gaishe-gaishe, nan yake karkato da kunnensa. Na roƙi Yaya ba sau ɗaya ba, na ce kalma biyu ce, ka ce a gaida Baba, ba za ta rage ka da komai ba. Ban faɗa masa zancen motar ba. Sai ya amsa da labarin tsadar haya. Wallahi na tsane shi a kwanakin nan, na tsani Baba ma, biyu masu taurin kai sun sa ni a tsakiya ina dakon batir.

A cikin haka abokin Baba na tashar mota ya rasu, wanda suka yi ƙuruciya tare. An karanta sanarwar, ba mu ji ba. Sai da aka yi sadakar uku wata mai nono ta shigo tana yi masa ta'aziyya. Ranar bai ci tuwo ba. Amma da la'asar ta yi ya ce in kai shi mota.

Ranar da abin ya faru muna tsakiyar wani tsohon saƙo, sai muryar ta katse, motar ta ɗauki ƙarar kira. Yaya ne, da kansa, abin da bai cika yi ba. Ban san in waya tana haɗe da abin nan kira ma ta lasifika yake fita ba, kuma ta jikinsa ake jin duk wanda ke cikin motar. Na amsa.

“Ƙanwata, kina lafiya? Yau ba aiki, na ce bari in ji ki.”

Na ce lafiya lau. Baba ya buɗe baki ya rufe. Ya gyara zama, kujerar ta yi ƙara, tari ya ƙwace masa.

Yaya ya ji tarin.

“Ina kike?” ya ce.

“Ina gida, Yaya.”

“A ina a gidan?”

Kafin in haɗa ƙarya Baba ya matso da bakinsa kusa da ɗan abin nan, da karkataccen harshensa, ya kira Yaya da sunan da yake kiransa yana yaro. Ya ce, “Ni ne. Shanun nan, ban kyauta ba.”

Muna jin iska tana kaɗawa a can inda Yaya yake, muna jin wata mota ta wuce shi.

“A cikin motar kika sa ni,” in ji Yaya. Da ni yake, a hankali, babu tsawa. “Duk saƙonnin nan, a cikinta yake ji?”

“Yaya, Baba ne fa yake maka magana.”

“Cire ni daga motar nan.”

Ya kashe. Tsohon saƙon da muke ji ya ci gaba da kansa daga inda ya tsaya, Yaya yana dariya yana ba ni labarin wani abokin aikinsa. Na rasa inda zan danna in tsayar da shi, sai na fizge abin daga raminsa.

Tun daga ranar Yaya bai sake turo murya ba. Rubutu yake yi, gajere, kuma ba ya ɗaukar kirana. Na yi masa rubutun da ban taɓa yi wa ɗan'adam ba, na zage shi tas, na dawo na ba shi haƙuri, duk ɗaya. Baba har yanzu yana cewa in kai shi mota da la'asar, amma ya hana a sa tsofaffin saƙonnin. In rubutu ya zo sai ya ce in karanta masa, ni kuma in tsaya a bakin ƙofar ina ɗaga murya.

Makon jiya na karanta masa wani. Layi kaɗan ne, an rage musu aiki, sanyi ya shigo. Da na kai ƙarshe na ga ya karkato da kunne, sai na kasa tsayawa, na ce, “Ya ce a gaida Baba.”

Bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon gilashin gaba da ƙurar da ta rufe shi.

“Allah ya yi miki albarka,” ya ce. “Amma kar ki sake. Mayar da ni ɗaki.”