Lemun da ya faɗo ƙasa

Garkarmu tana Dabaga. Lemu ne da rumman, mahaifiyata ta dasa su. Dokarta ɗaya ce: abin da ya faɗo ƙasa ba namu ba ne, na mai wucewa ne da tsofaffin da ba su da garka. Har ta rasu ban taɓa ɗaukar ko guda ba.

Sai lemu ya fara zubowa tun bai nuna ba. Ka fasa, tsutsa. A kasuwar Agadas masu saye su latsa, su ajiye. Ɗana ya gaji, ya tafi haƙar zinariya Cibarakaten. Ni na zauna.

Wata malama mai binciken ƙwari ta zo daga Yamai. Ta rataya tarkuna a rassa, ta kama wasu ƙananan ƙudaje masu ratsin rawaya, ta zuba su a kwalba da alkol, ruwan da ke hana su ruɓewa.

Na ce, "Ƴata, gawar ƙuda wa za ki kai wa?"

Ta yi dariya. "Baba, asalinsa za mu karanta. Akwai abin da yake gada daga uwa kaɗai. Uwa ta ba ƴa, ƴa ta ba jika. In muka bi shi a labo, ɗakin bincikenmu, za mu san inda ya fito."

"Ƙuda ma yana da dangin uwa?"

"Ya fi mu riƙe su."

Bayan damina ta dawo. Ta ce baƙo ne, kakanninsa daga ƙetaren teku suke, wataƙila cikin kayan marmari ya iso mu. Sannan ta dubi gindin itatuwa. Ta ce daga lemun da ya faɗo tsutsa take shiga ƙasa, ta fito ƙuda. Sai an tsince duka, a ɗaure cikin baƙar leda, rana ta dafa su.

Na ce, "Inna ta hana."

"Allah ya jiƙanta, Baba. To, itatuwanta fa?"

Washegari na tsince. Da hantsi wata tsohuwa da ta saba zuwa tun zamanin Inna ta shigo da kwandonta. Ta ga ƙasa a share, ga ledoji jere a rana. Na tsinko mata masu kyau daga sama, na miƙa. Ta ce ita ba roƙo ta zo ba. Ta juya.

Yanzu itatuwan suna yin ƴaƴa. Ita ba ta sake zuwa ba.