Gilashi Uku Kafin Hoton Yaya

Shekara talatin ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, abokan aikinsa suna ce masa Baba Sauri. Da ya yi ritaya sai zaman gida ya gagare shi. Ya kwance fanka lafiyayya ya sake ɗaurawa, ya leƙa titi, ya dawo ya buɗe tukunya.

Matarsa ta gaji, ta kira 'yarsu a waya. "Ki nemo wa babanki abin yi kafin ya kai ga keken ɗinkina."

'Yar ta aiko masa da tsohuwar kamararta, amma babu gilashin gaba, wai nata ya fashe. Washegari ya nufi wani ɗan shago a ƙarƙashin bene inda ake sayar da kayan hoto na hannu. Idonsa ya faɗa kan wani dogon gilashi, tsawon damtse.

"Me za ka ɗauka da shi, Baba?" in ji mai shagon.

"Komai."

"Wannan fa na jawo abin da ke nesa ne, irin tsuntsaye da 'yan ƙwallo."

"Ba ni shi dai."

Bai zame ko'ina ba sai gidan yayarsa, wadda ta shekara biyu ba ta fita saboda ciwon ƙafa. Ɗakinta ƙarami ne. Ya saita kamara a kanta, ya yi ta ja da baya har ya bugi kabad, ya fice ta ƙofa, ya tsaya a baranda, amma hancinta kaɗai ke fitowa. Yaya ta yi dariya har da tari.

Ya koma shagon ya canza da mai ɗaukar wuri da faɗi. Wannan karon ɗakin duka ya shiga, har da roba da kwalaben magani, sai dai hannunta ya fi kanta girma.

"Wannan ba ni ba ce," ta ce. "Goge."

A zuwa na uku mai shagon bai bar shi ya zaɓa ba. Ya miƙa masa wani ƙarami da bai wuce kofin shayi ba. "Wannan ba ya jawowa, ba ya turawa. Kai za ka matsa da ƙafarka. Kuma ko ɗaki da duhu yana gani."

Baba Sauri ya raina shi, amma ya karɓa. Yaya ta ce ya dakata ta canza ɗankwali. Ya zauna, ya tashi, ya kasa jira, ya danna tana cikin ɗaurawa. Sai ga ta tangaram, tana hararsa tana murmushi, kwalaben bayanta sun dushe.

Ya wanko mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ashe da Inna nake kama. Zauna mana in ba ka labarinta."

Yana tsaye a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, don ya ji akwai wani gilashi mai ɗaukar tururuwa. Ya dubi titi, ya dubi Yaya, ya ɗosana a gefen gado bai sauke jakar ba.