Azaratu Mai Koko da Hanyar Makka

Duk wanda ya girma a Zangon Kumasi ya san kokon Azaratu. Tun da asuba take kafa tukunya a bakin hanyar da ke gangarawa unguwar Adum, leburori da mahauta su sha su wuce. Ba ta da yawan magana, sai dai in an ambaci Makka.

Tana amarya wanta Bawah ya rataya buta da buzu ya kama hanyar aikin hajji a ƙasa. An ji labarinsa daga Barno, daga baya wani falke ya ce ya gan shi a Sudan yana noman auduga don ya sami guzurin ƙarasawa. Daga nan shiru. Shi ya sa a wurinta Makka wuri ne da ke cin rabin rayuwar mutum.

Ana dab da samun mulkin kai, ɗanta Wahabu, tela a unguwar Tafo, ya sama mata kujera a jirgin sama. Ta bi gida gida tana neman gafara, har da kuka. Wahabu ya ce, "Inna, yau ku tashi daga Akra, gobe kuna Jidda."

Ta ce, "Kawunka ma cewa ya yi ba zai daɗe ba."

Jirgi ya tashi, ya sauka Kano, ya sake tashi. Azaratu ba ta runtsa ba. Ta manna goshi a taga tana kallon ƙasa ja, babu itace babu gari, tana tunanin ƙafafun Bawah. Da suka sauka Hartum shan mai, aka ce an ci fiye da rabin hanya. Maimakon murna sai ranta ya ɓaci: goron da ke bakinta ma bai gama narkewa ba.

A Makka ta shiga unguwar mutanenmu da suka zauna can, tana tambaya ƙofa ƙofa. Wata tsohuwa Bakatsiniya ta saurare ta, ta ce, "Dogo, mai tabon ƙuna a wuya? Mun yi maƙwabtaka a Madani ta Sudan. Zazzaɓi ya ɗauke shi. Ya bar 'ya mace, tana can da aure."

Azaratu ta zauna a dandamali har aka kira la'asar. Washegari ta yi wa Bawah ɗawafi.

Ta dawo Zango ana kiranta Hajiya, ta koma kan tukunyarta. Kowace shekara takan ƙulla goro da turmin atamfa ta ba maniyyata, ko wani zai dace da mai zuwa Madani. Sau ɗaya amsa ta zo: 'yar kwalbar turare, da saƙon baki cewa yarinyar na gaida gwaggonta. Ba su taɓa ganin juna ba.