Takun Baba Masinja

Shekara talatin Baba Masinja ya yi yana kai takardu ofis-ofis a ƙafa, har ana tsokanarsa wai takalminsa ya fi shi cancantar fansho. Da ɓarin jikinsa ya shanye, sai duniyarsa ta tsaya tsakanin gado da bakin ƙofa. 'Yarsa mai jinyarsa ta taɓa tsintarsa yashe a banɗaki, tun daga ranar ko tsakar gida ba ta barinsa ya taka.

Ranar Talata kaɗai yake shan iska, idan ta kai shi sashen gashin ƙashi. Can aka sa shi cikin wani bincike, aka ɗaura masa 'yar na'ura a ƙafa mai ƙirga takunsa a gida. Bayan mako guda likitar da ke binciken ta duba na'urar, ta ɓata rai.

"Haba Baba, taku tamanin a yini? Ba ka motsawa ke nan."

Kunya ta kama 'yar. Suna komawa gida ta kwance na'urar ta ɗaura a tata ƙafar, da ita take shara, da ita take zuwa kasuwa. Baba yana gani, amma wa zai tona asirin mai yi masa wanka?

Bayan wata biyu likitar ta tarbe shi da fara'a.

"Baba, ka fi kowa ƙoƙari! Irinku a gida za su ci gaba da atisaye, ba sai ka sake zuwa ba."

Ya dubi doguwar barandar asibitin, ya ce a hankali, "Har ranar Talatar?"