Cephus, Na Ɗanɗana Abin Naka

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, teku ta karɓi jikana Cephus Grovner a bakin mashigin tsibirinmu Sapelo, yana da shekara ashirin da tara. Sai ranar Alhamis ta dawo mana da shi. Ni Odessa, kakarsa, aka ce in rubuta wani abu a karanta a coci yanzu da aka binne shi. Karatuna bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da abin da ya samu.

Cephus, kai ne ka kunyata gidanmu, kuma na sha faɗa maka. Kakanka jatan lande ya kama har ya mutu, ubanka ma haka. Kai kuwa da jatan landen ya yi ƙaranci, samari suka watse zuwa birnin Atlanta, sai ka ɗauki jirgin kakanka mai sunana ka koma kamun ƙwallon jeli. Wannan abin teku da muke shurewa a bakin gaɓa, mai kama da kwano a kife, jiki kamar kunun da ya kwana. A zamanin kakanka idan ya cika taru zagi ake yi a zubar. Kai ga shi kana kai wa masana'anta, su jiƙa shi da gishiri da alam su tura China.

Na ce maka ni ban haifi zuriya don ta yi fataucin majinar teku ba. Ka yi dariya ka ce, “Tsohuwa, ki girmama na gaba da ke. Wannan ya riga kifi zuwa duniya, ba ƙashi, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kuma yana nan.” Na ce to ashe dangi ka samu.

Ba ka taɓa jin haushi ba. Kai ne ka zo mini da ɗaya a bokiti, ka ɗaga gefensa ka nuna mini ƙaramar ƙaguwa zaune a ciki, ka ce ’yar haya ce irinka a gidana. Ka ce manyan kunkurun teku daga nesa suke zuwa cinsa, shi ya sa kake ja baya idan ka hango su. Kai ne kake gyara mini rufi bayan kowace guguwa, kake kai wa Mama Verdie makauniya kifi duk Juma'a kana ce mata ragowa ne, alhali sayensa ka yi. Kuma kai ne ka ajiye mini jelin a kwalba cikin firij tun Kirsimeti, ka ce akwai daɗi, ba za ka daina damuna ba sai na ɗanɗana. Na ce sai dai bayan raina.

Ezell, tsohon da ke fita tare da kai, shi Allah ya tsirar, shi ya ba ni labari. Ya ce kun faɗa cikin garken jeli mai kauri, ruwa ya koma kamar tuwo, taru ya cika kafin a farga, jirgi ya fara karkata. Ya miƙa maka wuƙa ya ce ka yanke igiya. Ka ƙi. Tarun kakanka ne, da hannunsa ya ɗinka shi, kuma a gidanmu ba a yanke taru. Da wannan magana aka rene ka. Amma dokar masu jatan lande ce, Cephus, jatan lande ba ya kifar da jirgi.

Yanzu ba kai, ba jirgi, ba taru. Tun zamanin bauta ba a taɓa wayar gari babu ɗan Grovner a kan ruwan nan ba, sai bana. A maƙabarta mun tsallakar da ’yarka Dessa, jaririya, ta saman akwatin gawarka kamar yadda aka saba, don kada ka dawo kana nemanta. Ba ta ma farka ba. Uwarta Latrice za ta tafi da ita Atlanta ƙarshen wata, kuma ban hana ta ba. Me zan ce ta zauna ta yi? Yarinyar za ta tashi tana ganin teku a hoto.

Da aka zo ɗora maka kayanka na ƙarshe a kan kabari, kofinka da hularka, ni kwalbar na kawo. Na buɗe a gaban mutane na ci. Gurus-gurus kamar guringuntsi, ba ɗanɗanon komai sai gishiri. Ƙarya ka yi mini, ja'iri, babu daɗi. Na juya in faɗa maka, babu kai.

Ubangiji ya ji ƙanka, ya ba ka hutun da ba igiyar ruwa a cikinsa. Ya ba Latrice haƙuri, ya sanyaya zuciyar Ezell da har yau bai iya kallon wuƙarsa ba, ya raya Dessa ko ina aka kai ta. Ni kuma ya sa kada jirana ya yi tsawo. Amin.