Faifan Ƙarshe na Taurarin Kuza

Wata rana da hantsi na je shagon Ubale mai gyaran rediyo, can bayan kasuwar Taminus a Jos. Tsohon kaset ɗin bikin iyayena na kai masa ya juye mini a waya.

Wanda ya san Ubale ya san ba ya sauri. In ya ce maka "yanzun nan", to ka nemi benci ka zauna, ka aika a sayo maka rake.

Ina zaune sai ga wata dattijuwa ta shigo, rungume da wani abu a cikin ɗankwali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ta gaishe mu, ta kwance ɗankwalin a hankali.

Faifan garmaho ne, ɗan ƙarami, irin mai waƙa ɗaya a kowane gefe. Takardar tsakiyarsa ta koɗe, bakinsa kuma ya ɗan tsage.

"Ɗana, ka juye mini wannan a wayata," in ji ta. "Yau nake so, don ba lallai ya kai gobe ba."

Ubale ya ɗaga faifan ya karanta. Ya cire tabarau, ya sake dubanta.

"Taurarin Kuza? Mama, ina kika samo wannan?"

"Na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Shi ne mai jitar."

Ni ban taɓa jin sunan ba. Kun kuma san ni da tambaya, ba na iya ganin labari ya wuce ni ina kallo. Ubale ya shiga ciki neman tsohon garmahonsa, ni kuma na matsa kusa da ita.

Ga labarin da ta ba ni.

A shekarun saba'in, lokacin da samari ke tara suma suna sa wando mai faɗin ƙafa, kiɗan rok ya shigo Jos da ƙarfinsa. Kowace unguwa da 'yan jitarta, kowa yana kwaikwayon Turawa, har da yadda suke karkata baki in za su yi waƙa.

Su huɗu ne suka haɗu, suka kira kansu Taurarin Kuza. Tanimu ɗan unguwar Gangare a kan jitar lantarki, shi ne mijinta. Pam a kan ganguna. Obinna a kan babbar jita mai kaurin murya. Lasisi a kan piyano.

Abu ɗaya ya haɗa su: dukansu 'ya'yan leburorin haƙar kuza ne.

Uwar Tanimu ta tsufa tana hawa da sauka a ramin kuza da kwanon sarki a kai, wato kwanon ƙarfen nan da leburori ke ɗaukar ƙasa da shi. Don haka da ya tashi tsara waƙa, bai nemo kiɗan daga faifan kowa ba. Daga ramin ya ɗauko shi: shebur ya daki kwano, a ɗora a kai, a taka, a taka, a juye.

Ya sa wa waƙar suna "Kwanon Sarki".

Jitarsa kuma ya ga muryarta ta yi laushi da yawa, ba ta dace da wahalar da yake son faɗa ba. Sai ya sa reza ya ɗan tsaga takardar lasifikarsa. Daga ranar jitar ta koma gurnani.

Suka hau jirgin ƙasa zuwa Legas don ɗaukar waƙar. Mai kamfanin faifan ya ce a mayar da ita Turanci in ana son ta sayu. Tanimu ya ce matan da ya yi wa waƙar ba sa jin Turanci. Aka yi ta ja, ƙarshe aka bar ta da Hausarta.

Ta ce da faifan ya fito, ba gidan biki, ba tasha, ba teburin mai shayi, ko'ina shi ne. Daga baya kuza ta faɗi, ƙungiyar ta watse, kowa ya kama gabansa. Faya-fayan suka salwanta ɗaya bayan ɗaya.

Iya saninta, na hannunta ne kaɗai ya rage.

Na ce, "To Mama, me zai same shi gobe?"

Sai ta faɗa mini.

Ɗanta na fari, Alhaji Sirajo, ya fito takarar shugabancin ƙaramar hukuma. Abokan hamayya sun tono tarihi, sun fara yi masa kirari da "ɗan mai kiɗan otal". Shi kuma ya ce a share komai. Hotunan mahaifinsa riƙe da jita ya riga ya kwashe. Faifan kuwa, ya ce gobe zai aiko a karɓa, kuma ta san ba ajiya za a kai shi ba.

Gaskiya raina ya ɓaci. Kujerar da ba a ma hau ba, har ta fara cin uba.

Ubale ya fito da garmahon, ya hure ƙura, ya jona shi da kwamfuta. Ya gargaɗe ta cewa da tsagar nan, faifan ba zai jure juyi da yawa ba.

Yana shirin ɗora allura sai wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar shagon.

Wani mutum ya fito, babbar riga fara sol, furfura ta fara kama gemunsa. Alhaji Sirajo ne, ashe an gaya masa a gida inda ta nufa.

Na ɗauka da faɗa zai shigo. Ko kaɗan. Durƙusawa ya yi har ƙasa ya gaishe ta, bai damu da ƙurar shagon ba.

"Inna, ki rufa mini asiri," ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Tun ina firamare ake mini gori da wannan abu. In ya shiga waya, kafin la'asar ya zagaye garin nan."

Da na ji haka sai na ɗan sauko. Mutumin ba mugu ba ne. Gori ne ya daɗe yana cinsa.

Ita kuwa ko sunansa ba ta kira ba, kun san iyayenmu da ɗan fari.

"Kai ka taɓa zama ka saurare shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"To ka ji shi sau ɗaya. In ya ƙare, ga shi ga ka. Ka fasa da hannunka, ba zan yi maka baki ba."

Ya amince, amma da sharaɗin kada a juye. Ubale ya zare wayar kwamfutar yana tsaki ciki-ciki.

Aka ɗora allura.

Da farko ƙaraf-ƙaraf kawai ake ji, irin na tsohon faifai.

Sai ƙarfe ya amsa. Kwang. Shiru. Kwang, kwang.

Ba ganga ba ce. Kwanon sarki ne na gaske ake duka, kuma mai dukan ba ya gaggawa, ba ya kuskure. Gangunan Pam suka biyo shi a baya. Babbar jitar Obinna ta shigo tana takawa da nauyi, sai ka rantse mutum ne ke hawowa daga rami da kaya a kai.

Sannan jitar Tanimu ta buɗe baki.

Jama'a, na sha jin kiɗa, amma tsigar jikina ta tashi. Gurnani take, tana kuka, tana kuma taƙama, duk a lokaci guda. Muryarsa ta hau kai da Hausa tsantsa, yana kiran matan rami, yana ce musu su ɗaga kai, garin nan a wuyansu aka gina shi.

Mai sayar da katin waya na maƙwabta ya leƙo. Wani ɗan acaɓa ya kashe mashin ɗinsa ya tsaya.

A tsakiyar waƙar sauran makaɗan suka dakata, aka bar kwanon shi kaɗai yana magana da jitar. Ya faɗa, ta amsa. Ya faɗa, ta amsa.

Na saci kallon Alhaji. Babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi, shi bai ma sani ba.

Dattijuwar ta dube shi.

"Ka san wa ke dukan kwanon nan?"

"Pam ne mana."

"Ni ce. Kana goye a bayana."

Faifan ya ci gaba da juyawa.

Ashe Pam ya gwada ya gwada, dukan bai fita daidai ba, don shi bai taɓa ɗaukar kwano a kai ba. Ita kuwa tun tana budurwa take aikin rami. Ta bi su Legas ne kawai don ta riƙa dafa musu abinci. Tanimu ya miƙa mata guntun ƙarfe ya ce ta nuna musu. Da ta fara, mai ɗaukar sauti bai bari ta tsaya ba.

Ba a sa sunanta a jikin faifan ba. A wancan zamani, a ce matar aure ta yi kiɗa a Legas, iyayenta ba za su iya shiga mutane ba. Ta haɗiye abinta shekara da shekaru, ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba.

Waƙar ta ƙare. Ubale ya ɗaga allura.

Ta zare faifan ta miƙa wa ɗanta, kamar yadda ta yi alkawari.

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana karanta sunaye huɗun da ke jikin takardar.

Sai ya miƙa wa Ubale.

"Mayar da wayar kwamfutarka, ka juye. Ka tura mata, ka tura mini."

Aka sake ɗora allura, kowa ya riƙe numfashi har faifan ya kai ƙarshe lafiya. Ubale ya zauna gaban kwamfuta ya tambayi sunan da zai rubuta.

Alhaji ya karanto masa huɗun. Sannan ya ce, "Saura ɗaya."

Ya juya wajen mahaifiyarsa. Ba zai iya kama sunanta ba, don haka ya ce, "Inna, faɗa masa. Ya rubuta a sama."

Ta gyara mayafi, ta miƙe zaune sosai.

"Lantana Ilu," in ji ta. "Mai kwano."

Ban san ko ya ci zaɓen ba, ban kuma bincika ba. Abin da na sani shi ne na fito daga shagon nan ina jin kaina ya ƙara tsawo, don a garinmu aka yi wannan kiɗa, kuma da yarenmu.

Darasi:

Kafin ka binne abin da iyayenka suka yi don gudun bakin mutane, zauna ka saurare shi ko sau ɗaya. Masu yi maka gori ba su san labarin ba, kai ma wataƙila rabinsa ka sani. Kuma in tsohuwarka tana raye, tambaye ta yau. Akwai abin da ta yi da hannunta wanda ba a taɓa rubuta sunanta a kai ba.

In labarin nan ya tuna maka da wani a gidanku, tura shi ga 'yan uwanka, su ma su je su yi tambaya.