Shafi Talatin da Gonar Inna

Gonar Inna tana kan gangare, bayan ƙauyenmu a ƙasar Keita. Da can fako ce, ko akuya ba ta tsayawa a kanta. Ina ƴar ƙarama wani furoje, wato shirin raya karkara, ya zo gyaran ƙasa, Inna kuma tana cikin matan da suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka, ana jera su a gicciye don su tare ruwan sama. Bayan ƴan shekaru wurin ya yi laushi, ya fara ba da hatsi. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce gonar ta Inna ce, tunda da wuyanta ta samo ta. Da hatsin nan aka ciyar da mu har muka girma.

Shekaru suka ja. Shanu suka ture wasu duwatsun, masu gini suka kwashi wasu, jeren ya watse. Ruwa ya sake samun hanya, ya fara haƙa ɗan kwazazzabo daga gefen yamma. Ni na yi aure a Madawa, ina ɗinki kusa da kasuwa. Idanun Inna suka yi yana, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Noman ya koma hannun autanmu, wanda yanzu magidanci ne mai ƴaƴa uku.

Auta ba rago ba ne, wannan kam zan shaide shi ko'ina. Wani ya turo masa bidiyo a waya, na minti biyu, da kiɗa a ƙasa. An ɗauko gonaki daga sama, jeren duwatsu reras, hatsi kore shar. Ya kalla ya sake kalla, ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya kwashe rani guda yana jigilar duwatsu shi kaɗai. Sannan ya ja igiya daga gindin gawo zuwa iyakar maƙwabci, ya jera su a miƙe, domin a bidiyon a miƙe ya gan su. Da damina ta sauka, ruwan duk ya bi jikin jeren ya gangara gefe ɗaya, ya taru, ya fasa. Kwazazzabon da yake iya gwiwa ya koma iya ƙugu. Rabin shukar ya tafi da ƙasar da ke ƙarƙashinta.

Na je gida bayan an gama girbi. Muna zaune da hantsi a ƙofar ɗakin Inna, Auta ya faɗi abin da ke ransa.

"Yaya, ni na gama da gonag ga," in ji shi. "Fadama za ni, aikin albasa. Wanda duk ke so shi noma ta."

Babu wanda zai noma ta, dukkanmu mun sani. In aka bar ta damina biyu, ruwa zai cinye ta, ta koma fakon da Inna ta tarar. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga laifinsa ba, don na ga hannayensa duk sun yi kanta. Na juya na tambayi Inna yadda suka yi a zamaninsu har nasu jeren ya riƙe ruwa.

"Ni nauyin dutse nis sani," in ji ta. "Masu awo daban su ke, su ka kahwa turaku, mu bi. Amma tahi ki buɗe adakata. Ƙasa ga zannuwa akwai littahi."

Na same shi. Ɗan siriri ne, shafi talatin, da Hausar boko, irin wanda ake raba wa ƴan ajin yaƙi da jahilci. Bangon ya tafi, Inna ta ɗinke gindinsa da baƙin zare, yana warin hayaƙi da turaren wuta. Ta ce ita ta roƙi malaminsu ya bar mata, ta kai shafi na huɗu tana haɗa baƙi, sai haihuwar Auta ta zo, ba ta koma ba.

Auta ya leƙa, ya yi dariya. Ya ce abin da ke cikin wayarsa ya fi wannan tsumma sau dubu, kuma an ga inda ya kai shi. Na ce masa ya ba ni rani ɗaya. In jeren ya sake fashewa, ni da kaina zan raka shi tasha. Ya ce ya ji, amma don darajar Inna kawai.

A nan na gamu da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Na yi lakwal, wato makarantar boko, har kwaleji. Ni ce yarinyar da malamin ajinmu ke kamawa da littafin labari a ƙarƙashin tebur. Amma ranar da na zauna da littafin Inna, na kasa gama shafi ɗaya. Layi uku, sai hannuna ya tafi neman waya da kansa. Ko saƙo bai shigo ba sai na duba. A ƙauyen ma rezo, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu, amma haka nake ta latsa ta ina kallon tsofaffin hotunan ɗinki. In na dawo kan shafin, na manta inda na tsaya. Na lissafa, na ga na fi shekara goma ban karanta wani abu da ya wuce tsawon tafin hannuna ba. Kunya ta kama ni, sannan haushi. Shafi talatin ne zai gagare ni?

Na miƙa wa Inna wayar, na ce kada ta ba ni ko na yi kuka. Ta ƙulle ta a bakin zanenta, ta zauna a kai. Sai na fara karantawa da ƙarfi, don in na yi shiru hankalina gudu yake. Kullum bayan azahar, shafi uku ko huɗu, ni da ita a inuwar rumbu. In na yi sauri sai ta ce, "Koma baya, ban ji wurin ga ba." In na koma, sai in tarar ni ma ban ji ba.

A shafi na tara na sami abin da bidiyon bai nuna ba. Littafin ya ce ba miƙewar jere ake nema ba. Abin da ake nema shi ne kowane dutse ya zauna a tsayi ɗaya da ɗan'uwansa, don ruwa ya kwanta ko'ina daidai, kada ya sami gefen da zai ruga. Ido kuma ba ya iya gane wannan, sai an auna. Ga zanen mutum biyu, kowa da sanda, an ɗaure bakin dogon tiyo mai ruwa a jikin sandunan. A jera sandunan wuri ɗaya a yi alama inda ruwan ya tsaya. Ɗaya ya tsaya, ɗaya ya matsa gaba, ya riƙa hawa ko sauka har ruwan ya dawo kan alamar, sai a kafa turke. Wannan aikin babu abin kallo a cikinsa, shi ya sa nake jin mai bidiyon ya tsallake shi.

Na koma Madawa na sayo tiyo mai haske wajen masu kayan gini. Mai shagon ya tambaye ni ko na bar ɗinki na koma birkila. Na ce masa kusan haka.

Ranar farko mun sha kunya. Muka fita da rana tsaka, ni da Auta, kowa da sandarsa. Ruwan ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. In muka auna daga gabas ya ce nan, in muka dawo daga yamma ya ce can. Auta ya jingine sandarsa, ya ce ashe littafi ma yana ƙarya. Na koma gida na buɗe shafi na goma, wanda na bi a gurguje saboda ɗokin zanen da ke na tara. Ga shi a rubuce ƙarara: a fitar da duk kumfar iska da ke cikin tiyo kafin a fara, kuma a yi awo da sanyin safiya, don zafi yana sa tiyo ya saki. Laifin nawa ne. Abin da ya kwantar mini da rai shi ne littafin yana nan yadda na bar shi, na koma na tarar da maganar tana jirana.

Washegari bayan asuba muka sake fita. A wannan karon ruwan ya tsaya cak. Muka yi ta kafa turaku, da muka waiwaya sai ga layi ya lanƙwashe nan ya karkace can, kamar kalmasar ɗan koyo. Masu wucewa zuwa rijiya suka samu abin yi. Wata tsohuwa ta ce, "Telar Madawa, layin naki ya sha kwana." Wani ya tambayi Auta ko jakin ne ya yi awon. Na ga ran Auta ya ɓaci, na zaci zai ajiye aikin. Sai ya ɗauki diga ya fara haƙa ɗan rami a bin turakun, yadda shafi na goma sha biyu ya ce: manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a cusa ta gefen tudu.

Mun yi makonni muna kwashe jerensa muna mai da shi kan sabon layin. Ina zuwa Madawa in rage ɗinki, in dawo. Yatsuna suka farfashe har zare yana maƙalewa a jikinsu. Jere huɗu muka yi, muka toshe bakin kwazazzabon. Wayata tana aljihuna, masu ɗinki suna turo mini samfuri, in na hau tudu in amsa. Ban yi faɗa da ita ba. Na dai gane cewa ita gamammen abu take nuna mini, yadda ake kaiwa can kuwa sai na zauna na bi layi bayan layi.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da la'asar, ina ƙauye. Da safe muka riƙo hannun Inna zuwa gona, ni dama, Auta hagu. Ta cire takalmanta. Ta bi bayan jeren farko tun daga gindin gawo, tana tafiya a hankali, tana caka sandarta cikin taɓo, tana shafa ƙarshenta da yatsa. Nan ruwa ya ratsa ƙasa gaɓar yatsa biyu. Ta ƙara gaba, gaɓa biyu. Har iyakar maƙwabci haka, babu inda ya fasa. Ta tsaya a nan, ni kuwa hawaye nake yi, ban ɓoye ba.

Sai ta sunkuya ta lalubi gindin duwatsun.

"Ina gamba?" in ji ta. "Mu da munka gama jere, gamba anka dasa bayanai, shi ka riƙe ƙasa. Ba ku kai ƙarshen littahin ba ko?"

Gaskiya ne, a shafi na ashirin na tsaya, don na ga aiki ya kankama. Na fara neman abin da zan kare kaina da shi. Auta ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro littafin, a naɗe cikin leda. Ban san lokacin da ya ɗauke shi daga adakar ba.

"Shahi na ishirin da ukku ne, Inna," in ji shi. "Na karanta. Gobe za ni nemo saiwa, tun ƙasa na da danshi."